Daga Kano zuwa Jos: Gardama a kan Yaron da ke Riƙe da Dutse

A farkon Fabrairun 2024 ɗan yayata da ke Jos ya dame ni da waya. Amfilifayarsu, na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi, ta ƙone, wanda ya duba ta a can ya ce sai dai a sayi sabuwa, su kuwa ba su da halin sabuwa. Ga shi kuma sun riga sun sa ranar da za su taru su saurari sabon kundin waƙoƙin Green Day, wata ƙungiyar mawaƙan Amurka, su ɗan taɓa nasu kiɗan daga baya. Gyaran lasifika da amfilifaya shi ne sana'ata a Kano, kuma ni na fara sa wa yaron nan waƙoƙin mutanen a kunne tun yana firamare, lokacin da nake karatu a Jos ina zaune a gidansu. Da ya ce, "Kawu, in ba kai ba babu mai tayar da ita," sai na haɗa kayan aiki.

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'a na nufi tashar Unguwa Uku. Na biya naira 7,000 a wata Sharon, kuɗin da a da zai kai mutum Jos ya dawo da shi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta haura naira 600, kuma kowa a motar da nasa lissafin a baki. Sai da rana ta ɗaga muka cika. Mun bi titin Zariya zuwa Kwanar Dangora, muka karya hagu muka nufi Tudun Wada, babu wani abin faɗa a wannan tsakanin.

Da muka tunkari dajin Falgore hira ta mutu. Wata dattijuwa da za ta suna a Bukuru ta fiddo carbi, direba ya rage rediyo ya ƙara wuta. Dajin yana da kyau a idon wanda ba ya tsoro: manyan itatuwa, busasshiyar ciyawa mai ruwan zinariya, hazo ya lulluɓe duwatsu daga nesa. Amma sunan da ya yi na ɓarayin shanu da 'yan fashi bai bar kowa ya kalle shi da daɗin rai ba. A wani shingen sojoji aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Da soja ya zuge tawa ya ga wayoyi a nannaɗe, ga mita, ga dalma, ga ƙananan taransisto a leda, sai fuskarsa ta sauya, ya kira na gaba da shi. Ban ga laifinsa ba. Makonni kaɗan kafin nan aka kai hare-haren jajibirin Kirsimeti a Bokkos da Barikin Ladi, a Janairu kuma aka sa dokar hana fita a Mangu, ga mutum zai shiga Filato da jakar wayoyi. Na nuna musu katin sana'ata, na ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya ina faɗin aikin kowanne. Babban ya saurare ni har na gama, ya ce in rufe. Kafin mu tashi ya miƙo mini wata 'yar lasifikarsa da ta daina ɗaukar caji, na duba na ga bakin cajin ne ya saki, na gaya masa abin da zai ce wa mai gyara. Sauran shingayen da muka wuce, na masu kaki iri-iri, direba ne ke miƙa hannu ta taga mu wuce, kuma kowa ya san daga aljihun fasinja kuɗin ke fita.

A Saminaka muka yi sallah, na ci shinkafa da wake da yaji na naira 800. Garin masara ne, buhuna jibge a bakin titi. Daga nan zuwa Jengre ramuka suka ci mana lokaci. Bayan Jengre ƙasa ta fara tashi, iska ta fara cizo, shingayen ƙerana suka bayyana kewaye da gonaki, ga duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Duk wanda ya taɓa zama a Jos ya san wannan wurin da zuciya ke cewa an iso.

Na sauka a Farar Gada na hau Keke zuwa Unguwar Rogo, don an hana acaɓa a cikin gari. Yaya ta tare ni da gwaten acca mai zafi, da ganye da gauta a ciki, abincin da duk faɗin Kano ban san inda zan same shi yadda take yi ba. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin hunturunta daban yake da namu. Namu na Kano ƙura ce da bushewar leɓe, da hantsi ya wuce. Nasu yana shiga ƙashi, ya kwana da kai, ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta. Bargo biyu ta ba ni.

Bayan isha'i, da yaron ya fita, ta jawo kujera kusa da ni.

"Auta, ka yi masa magana. Ni ba kiɗan ne ya fi damuna ba, ko da yake ban ga abin so a wannan hayaniya ba. Inda suke taruwa ne. Can wajen Kabong. In wani abu ya tashi yana can, ta ina zai fito?"

Ban sami abin ce mata nan take ba. Ina garin a Nuwamban 2008, na san abin da take tunawa. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008, da na Janairun 2010, Jos ta rabu unguwa-unguwa. Mutane sun sayar da gidajen da aka haife su a ciki, ko sun bar su a ƙone, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa. Na ce mata zan bi shi in gani da idona, kuma kafin magariba za mu dawo.

Da safe muka biya ta Terminus neman wasu kafasito da ban zo da su ba. Babbar kasuwar da ta ƙone a Fabrairun 2002 tana nan tsaye da baƙin bangonta, 'yan kasuwa sun baza kaya a gefenta, a wurin da bama-bamai suka tashi a Mayun 2014 suka kashe mutum fiye da ɗari. Mata na tallar sitiroberi a ƙananan robobi, na sayi ɗaya naira 1,000. Abin da na lura da shi, wanda Kano ba ta da irinsa, shi ne yadda Hausa ta zama ta kowa. Mai shagon da ya sayar mana da kaya Ibo ne, yaron shagonsa Angas, kuma da Hausar Jos suka yi ta ciniki da mu har da rantsuwa.

Wurin taron gareji ne a bayan gidan iyayen mai gangarsu. An manna kwalayen ƙwai a bango don rage ƙara, an shimfiɗa tsohon kafet. Da na buɗe amfilifayar na ga abin da na zata. Sun haɗa mata lasifika huɗu a layi ɗaya don neman ƙarfi, nauyin, wanda ake aunawa da om, ya faɗo zuwa 2 alhali ba ta ɗaukar ƙasa da 4, taransistocin fitar da sauti suka yi zafi suka ƙone, suka tafi da fis da wasu rizisto. Ga kuma janareta mai wasa da wuta, wanda ya kumbura kafasito biyu. Na sauya abin sauyawa, na shafa sabon man sanyaya, na zauna da su na zana musu a takarda yadda za su haɗa lasifikan bibbiyu. Kafin azahar ta tashi. Mahaifiyar mai ganga ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakin baƙi, ta nuna mana gabas ba tare da mun tambaya ba.

Wajen ƙarfe biyu suka fara shigowa, samari da 'yan mata da yawansu bai wuce ashirin ba: Hausawa, Birom, Jarawa, Angas, Yarbawa, yawancinsu ɗaliban jami'a ko waɗanda suka gama suna zaman jiran aiki. Sun zaɓi rana tsaka ne saboda kowa ya koma unguwarsu da haske. Wani yaro ya gaya mini mahaifiyarsa ma ba ta yarda ya je Unguwar Rogo. Tsoron Yaya iri ɗaya ne da na uwayen wannan gefen.

Ga wanda bai san kiɗan pank ba, ga yadda yake. Ya taso ne a tsakiyar shekarun 1970 a New York da Landan, a hannun samarin da suka gaji da mawaƙan da ke jan waƙa ɗaya minti goma suna nuna gwaninta. Jita ɗaya ko biyu, jitar bas, ganguna, waƙa gajera mai gudu, murya a buɗe, baitoci kuma kan abin da ke ci wa mutum rai: rashin aiki, gwamnati, kaɗaici, haushin iyaye. Ƙa'idarsa ita ce ba sai ka ƙware ba, ɗauki jita ka faɗi abin da ke bakinka. Green Day mutum uku ne daga Kalifoniya, Billie Joe Armstrong da Mike Dirnt da Tré Cool. Kundinsu na 1994, Dookie, shi ya fito da su duniya, na 2004 kuma, American Idiot, wanda suka yi a zamanin Bush da yaƙin Iraƙi, shi ne wanda muka riƙa kwafa a faifan CD muna ɗalibai. Sabon, Saviors, ya fito ranar 19 ga Janairun 2024, waƙoƙi 15, kuma Rob Cavallo da ya tsara musu waɗancan biyun ne ya dawo ya tsara wannan.

Aka saka shi daga farko har ƙarshe ba tsayawa, bai kai awa guda ba. Wasu na kaɗa kai, wasu na bin baitocin a waya. Ana kashewa gardama ta ɓarke.

Mai ganga ne ya fara, yana ta murna. A wurinsa mutanen sun dawo hayyacinsu bayan kundin 2020 da masoya da yawa suka ƙi. Ya ce ka ji yadda aka ɗauki gangunan, ka ji jita ta cika ɗaki, wannan shi ne sautin da ya sa ya fara kiɗa. Wani dogo mai gilashi, ɗalibin kimiyyar siyasa, ya katse shi. Ya ce dattawa ne da suka haura hamsin, masu gidaje da miliyoyin daloli, suna waƙar talauci da rashin matsuguni, kuma ya fi ƙarfin a kira wannan pank. Ya kawo tarihin da kowane mai bin su ya sani, cewa ɗan zauren da suka taso a ciki a titin Gilman na Berkeley ya hana su wasa bayan sun sa hannu da babban kamfani. "Tun 1994 mutanensu suka ce sun sayar da kai," in ji shi, "mu ne za mu zo yau mu wanke su?" Aka yi ca a kansa. Wata ta ce to in mutum ya yi kuɗi sai ya daina ganin abin da ke faruwa a titi? Wani ya tuna masa cewa a daren shiga 2024 sun sauya baiti a tsohuwar waƙarsu a talabijin suka soki tafiyar Trump, har Elon Musk ya fito yana yi musu ba'a, ya ce wanda ya sayar da kai ba ya jawo wa kansa irin wannan. Dogon ya ce sukar Trump a Kalifoniya ba jarumta ba ce, kasuwa ce.

Waƙar farko, wadda ke cewa mafarkin Amurka na kashe mai waƙar, ita ta fi raba su. Ɗan yayata yana sonta ƙwarai. Amma wani yaro da ya ce sau biyu ana hana shi biza a Abuja ya yi magana da ɗaci. "Su yana kashe su. Mu layi muke bi mu biya kuɗi a ba mu shi, a hana mu." Ba wanda ya yi dariya. Wata ta ce yayanta na can yana aikin kula da tsofaffi dare da rana, kuma abin da waƙar ta faɗa game da masu kwana a titi da tsadar haya shi ma yana faɗa a waya. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma waƙar ba ta isa ta ɗauki nauyin duka biyun ba, domin ba don su aka rubuta ta ba.

Akwai inda bakinsu ya zo ɗaya, kuma abin ya ba ni mamaki. Kan ashar da ke cikin wasu baitoci, da wata waƙar soyayya da mawaƙin ya juya amshinta ya fuskanci namiji, wani mai sallah da wani ɗan fasto suka ce su tsallake ta suke yi. Wasu suka ce mutumin bai taɓa ɓoye ko shi wane ne ba, wanda zai saurare shi ya san da haka. Ba a ja maganar da nisa ba. Na fahimci cewa yaran nan ba haɗiye duk abin da aka miƙo musu suke yi ba, kamar yadda iyayensu ke zato. Suna tsincewa, kowa da ma'auninsa na gida.

Da aka zo kan waƙar da ke maganar giya sai murya ta sauka. Armstrong, mawaƙin nasu, ya shiga asibitin masu fama da shaye-shaye a 2012, bayan ya yi ɓaranɓarama a kan dandamali a Las Vegas, kuma a waƙar yana faɗin yadda mutum ke dainawa ya sake komawa. Wani siriri da bai ce uffan ba tun farko ya ce wannan ce kaɗai ya yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ya ce shi kodin ya sha, tun kafin a hana maganin tarin a 2018, daga nan ya koma taramol, kuma a wuraren da ake sha a bayan duwatsun garin nan ba a tambayar mutum addininsa. Ya ce wata goma ke nan bai taɓa ba. Na kusa da shi ya dafa kafaɗarsa. Har dogon mai gilashi bai yi musu ba. A nan na ga amfanin waƙa da idona: ta buɗe wa yaro baki ya faɗi abin da ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ko limaminsa ba.

Ina zaton an gama, sai wata yarinya mai karatun jinya ta ɗaga wayarta ta ce ita ba baiti ne ya hana ta barci ba, hoton bangon kundin ne.

Hoton na gaske ne. Wani mai ɗaukar hoto, Chris Steele-Perkins, ya ɗauke shi a Belfas ta Arewacin Ayalan a 1978, a tsakiyar rikicin da aka shafe kusan shekara talatin ana yi tsakanin masu son zama da Birtaniya, yawancinsu Furotesta, da masu son haɗewa da Ayalan, yawancinsu Katolika. An kashe mutum fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998. A hoton ga yaro tsaye a titi da dutse a hannu, wuta na ci a bayansa. A bangon kundin an shafa masa ruwan hoda, an kuma gyara bakin yaron ya zama yana murmushi.

"Ina da shekara takwas a 2010," in ji ta. "Na ga yara da duwatsu a hannu a ƙofar gidanmu. Ƙanin babana yana cikin waɗanda suka fita, bai dawo ba. Babu wanda ke murmushi ranar. Wanda ya zauna a kwamfuta ya ɗaga wa yaron nan baki bai taɓa jin warin taya da gida suna ci tare ba. Sun ɗauki ranar baƙin cikin wasu sun yi ado da ita, za su buga a riga su sayar."

Garejin ya yi tsit. Ban san addininta ba a lokacin, kuma ba wanda ya tambaya, don kusan kowa a wurin yana da irin wannan rana a ajiye. Mai jitar bas ne ya amsa, a hankali. Ya ce shi ya ga murmushin daban: yaron da aka haifa cikin rikici har ya zame masa wasa, kuma wannan shi ne abin tsoron da hoton ke nunawa. Ya ce shi da kansa ya yi jifa yana ɗan shekara goma, kuma yana jin daɗi a lokacin, don bai san komai ba sai cewa manya sun ce a jefa. Ya ƙara da abin da ya karanta, wanda kuma haka yake, cewa a Belfas ɗin nan ta ƙarshen shekarun 1970 wuraren kiɗan pank na cikin 'yan wuraren da yaran Katolika da na Furotesta ke haɗuwa, a garin da har yau akwai katangu tsakanin unguwanni. "Ki dube mu," ya ce. "Mu ma ai shi ne."

Ta ce ta ji, amma yaran Belfas su suka yi waƙar garinsu da bakinsu. Waɗannan baƙi ne suka ara.

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma ina bayan yarinyar. Mai bas ya faɗi gaskiya game da kansa, kuma na girmama shi da ya iya faɗa a gaban mutane. Amma fassarar da ya yi wa hoton daga rayuwarsa ya ciro ta, ba daga kundin ba. Na saurari waƙoƙin nan sau da yawa, kiɗan ya yi kyau, an tsara sautin da gwaninta irin wadda mai sana'ata ke jin daɗinta, kuma waƙar giyar da wadda ya yi wa 'ya'yansa sun fito daga zuciya. Sai dai fushin da ke cikin sauran fushi ne na mai kallon labarai a waya. Babu waƙa ɗaya a ciki da ta biya kuɗin wannan hoton. A ɗakin nan kuwa akwai yara aƙalla biyar da suka biya.

Daga nan suka ɗauki kayan kiɗa. Waƙoƙi biyu na farko da Turanci suka yi, kuma gaskiya kwaikwayo ne, har karin muryar Kalifoniya ɗan yayata ke yi. Ta uku da Hausa ce, Hausar Jos tsantsa, a kan mai Keken da ke sauke fasinja a bakin gada ya ce iyakarsa ke nan, sai ka tsallaka da ƙafa ka nemi Keken wancan gefen. Ba ta kai minti biyu ba. Mai ganga ya yi gudu ya bar su a baya, jita ta kauce, amma kafin a kai amshi na biyu duk garejin ya ɗauka, har yarinyar mai karatun jinya. Sai da aka maimaita ta sau uku. Gashin jikina ya tashi, kuma amfilifayar ba ta ko yi ɗumi ba.

Ƙarar ce ta fito da mahaifin mai ganga, dattijo ɗan Birom da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Ya tsaya a ƙofa da hular sanyi har aka gama, sannan ya ce da ni, "Malam, ka san abin da yaran nan ke wahalar nema a Amurka yana nan Bukuru tun kafin a haife su?" Ɗan Maraya yake nufi. Ya ce mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, waƙa gajera, kuma ya bar sarakuna ya yi wa karen mota da talaka waƙa. Ya ce ya gan shi yana wasa a garin nan ba sau ɗaya ba, Musulmi da Kirista a tsaye wuri guda, kuma da ya rasu a Yunin 2015 gari duka ya yi makoki. Dogon mai gilashi ya ce to ai shi ne ɗan pank na gaskiya. Dattijon ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne ana jin kowace kalma da Ɗan Maraya ya faɗa, su kuma sai sun rage ganga kafin a ji tasu. Shawara ce mai kyau, kuma na nuna wa ɗan yayata inda zai rage a mikisa don murya ta fito.

Ƙarfe biyar da rabi aka watse. Dattijon ya ƙi barin mu hau Keke, ya fito da tsohuwar Fijo ɗinsa ya kai mu har bakin Bauchi Road, ya ce a gaida Hajiya. Na ba Yaya labarin tabarmar da aka shimfiɗa mana da motar da ta kawo mu. Ta yi shiru, ta ce Allah ya saka musu, amma duk da haka ya riƙa dawowa kafin magariba kuma ya bar wayarsa a kunne. Ban ce mata ta daina tsoro ba, don ba ni da hujjar cewa haka.

Ranar Lahadi da dare muka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka a wani gidan kallo, Najeriya ta fara ci, Kwaddibuwa ta rama ta ƙara, aka tashi 2 da 1, kowa ya koma gida cikin sanyi ba magana.

Litinin da sassafe na biya kasuwar Farar Gada na sayi dankalin Turawa da kabeji da karas na tsaraba, kusan rabin kuɗin da ake sayar da su a 'Yankaba. Direba ya caje ni naira 1,000 na kaya a kan kuɗin mota. A shingen Falgore wasu sojojin ne daban, ba su buɗe jaka ba. Muna Kwanar Dangora ɗan yayata ya kira ya ce sun yanke shawarar ɗaukar waƙar mai Keken a sitidiyo, kuma yarinyar mai karatun jinya ta ce za ta rubuta musu baiti na uku, amma da sharaɗin ita za ta zaɓi hoton da za a sa. Ya tambaye ni nawa makirfo mai kyau yake a Sabon Gari. Na ce zan tambaya in aiko masa da shi ta hannun direban Unguwa Uku ranar Juma'a.